Saukar Inna Kulu

A Kukar Badaru, can gefen Zango, babu gidan da aka yi suna ko aure cikin shekara ashirin da biyar da Inna Kulu ba ta shiga da kuɗinta ƙulle a bakin zane ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gajeriya ce, ga faɗa kamar me, amma a harkar biki ba ta wasa. Kun dai san yadda abin yake tsakanin mata: kin kai wa ƙawarki dubu ɗaya ranar sha'aninta, ranar naki ta kawo miki dubu biyu, in nata ya sake zagayowa ki kai huɗu. Haka ake ta ninkawa har sai ɗaya ta gaji ta ce a yanke, a koma ƙasa.

To ita Kulu kaiwa kawai take yi. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, mijinta kuma ya rasu tun yaron yana firamare, wane sha'ani za ta tara mutane a kai? Har tsokanarta mata suke yi: "Kulu, ke kullum zubawa, yaushe za ki kwasa?" Sai ta murguɗa baki ta ce, "Ku bari a liƙa wa yaron nan tauraro a kafaɗa. Ranar za ku san kun ci kuɗina."

Yaron nan shi ne Yazid. Ɗan fari ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai" take ce masa, ko "yaron nan", in ranta ya ɓaci kuma "wancan". Ya ci jarrabawar shiga makarantar horar da hafsoshin soja, abin da ba a taɓa yi ba a garin. Ƙungiyar dillalan kara, masu cinikin shanu, ta ɗauki nauyinsa: darasin share fage, kuɗin mota, guzuri, da tarkacen da ake cewa a zo da su. Sharaɗi ɗaya suka gindaya, aka rubuta a takarda: in ya gama, sun yafe, in ya baro da kansa, zai biya duk abin da aka kashe. Aka nemi abin da za a riƙe, Kulu ta ba da gonar da ta gada wurin mahaifinta, ta dangwala yatsa tana dariya. A gonar nan take noma gyaɗar da take matsa da geron da suke ci. Ba ta da wata.

Shekara biyu da 'yan watanni, bayan an gama girbi, wata la'asar tana tsugune tana matsar mai, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Yazid ya shigo da jaka, cikin riga da wando na gida. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hutu aka ba ku?" in ji ta.

"A'a, Inna. Na ajiye."

"Ka ajiye me?"

"Karatun. Na gwada iyakar ƙoƙarina, zuciyata ba ta wurin. In na kai ƙarshe, 'ya'yan mutane za a ba ni in shige musu gaba, ni kuwa na san ba zan riƙe su yadda ya kamata ba. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu."

Kulu ta dube shi, ta dubi man da ke tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Ba ta yi ihu ba, wanda kuwa ya san ta ya san wannan ya fi ihun muni. Mako uku ba ta yi masa magana kai tsaye ba. Su biyu ne rak a gidan, amma sai ta ajiye kwano a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "A gaya wa mai ɗakin can abinci na nan." Wa zai gaya masa, kaji?

Ana haka Alhaji Nagoggo, shugaban dillalan, ya yi sallama a zaure. Ba mugu ba ne, amma mutum ne da ko ɗansa ya ci kwabonsa sai ya rubuta. Ya buɗe takarda ya karanta mata: naira dubu ɗari biyar da arba'in.

"Kulu, ni ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Kuɗin nan ba nawa ba ne, na mutane ne, kuma akwai wani ɗan garin da ke jira a ɗauki nauyinsa. Mun ba ku zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka ba a biya ba, ba ke za ki shuka gonar nan ba."

Ta ce ta ji. Da ya tafi ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Yazid bai zauna ba, wannan kam a ba shi. Duk ranar kasuwa yana kara, yana jan bijimai yana loda su a mota, daga Zango zuwa Mashi. 'Yan kara suka sa masa suna Janar. In saniya ta fizge igiya sai su hau ihu, "Janar, abokan gaba sun tsere!" Shi dai sai ya yi murmushi ya bi ta. Abin da ya samu ya kawo ya ajiye wa Kulu a bakin ƙofa. Ta ƙirga ta sake ƙirgawa, ta ga ko shekara biyu zai yi yana jan shanu ba za su kai ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kuɗinta suna nan, a warwatse a ɗakunan mata daga Kukar Badaru har Sandamu. Amma biki ba bashin kanti ba ne da za ka je ka tsaya a ƙofa. Sai kina da sha'ani ake kawo miki. Wadda ta je ta ce a ba ta bikinta haka kawai, ta zubar da mutuncinta har jikokinta. Sha'anin da ta ɗora rai a kai ya rushe. Ta yi tunanin yi wa yaron aure, sai ta tuna ba shi da ko tabarma, balle yarinya.

Wata Asabar ta je Sandamu walimar wata ƙawarta Raihana, wadda ta yi saukar karatu a Islamiyyar matan aure. Kulu ta kai dubu huɗunta kamar kullum, ranta a jagule. Tana zaune sai ta ga an ajiye faranti gaban Raihana, mata suna ta zuwa suna zuba biki ana kiran suna, daidai yadda ake yi ranar aure. Ta ƙura wa farantin ido har shinkafarta ta huce.

Ai ita ma ta taɓa zama ɗaliba! Shekara takwas da suka wuce ta yi nisa a Islamiyyar garinsu, cikin izu sittin saura mata goma sha ɗaya. Ranar nan Malama Zubaida ta gyara mata kuskure gaban amaren da ta haifi kamarsu, suka yi dariya, Kulu ta naɗe tabarmarta ta fice, ba ta sake komawa ba. A motar dawowa abin ya faɗo mata: ashe wancan da take fushi da shi ba a ƙasa ya tsinci ajiye karatu ba.

Washegari ta je ta sami Malama Zubaida ta zayyana mata komai, ba ta rage ba.

Malama ta dube ta ta ce, "Inna Kulu, don Allah za ki yi saukar nan ko don kuɗi?"

"Malama, in na ce miki babu kuɗi a raina na yi ƙarya. Gona ce ta koro ni. Amma shekara takwas ina jin kunyar wuce ƙofar makarantar nan, wannan ma gaskiya ne. Ki taya ni addu'a Allah ya gyara min niyya a hanya."

"Amin. Sai dai ki sani ba zan ɗaga miki ko wasali ɗaya ba. In kin iya, in sa hannu. In ba ki iya ba, ko ruwa ya kai wuya ba zan sa ba. Kuma yadda muke tafiya a aji, izu goma sha ɗaya sai ki shekara biyu. Wata huɗu gare ki. Sai kin sami mai zama da ke a gida safe da yamma."

Mai zama da ita kuwa mutum ɗaya ne, wanda ya yi tasa saukar tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Kulu ta dawo gida tana tsaki. Ta ɗauko jakar karatunta daga saman kwalla, ta kaɗe ta, ta je ta ajiye a bakin ƙofar Yazid, ta juya baya ta ce, "A tambayi mai ɗakin can ko yana da lokaci."

"A gaya wa Inna gobe bayan asuba," in ji shi daga ciki.

Wayyo Kulu! Da ta san abin da ta jawo wa kanta! Kafin gari ya waye ya liƙa takarda a bango ya raba mata kwanaki: shafi kaza kullum, zama uku, bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar. Ranar da yake kara sai ya bar mata aiki, ya dawo ya karɓa ko da ƙafarsa duk kashin shanu. Kwana uku da farawa ya lura tana rikita ɗigo, ya sa ta a mota suka je Daura aka auna idonta, ya saya mata tabarau da kuɗin jan shanunsa. Ta sa, ta dubi shafi ta ce, "Au! Ashe baƙaƙen nan ba gudu suke yi ba."

Ba ya ɗaga murya, ba ya dariya in ta yi kuskure. Kalma biyu ce dai gare shi: "Sake, Inna." Ta karanta. "Sake, Inna." Wata rana ta sake aya ɗaya har sau goma sha tara, ta fusata ta wurga masa ludayi.

"Kai, ni sojarka ce? Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya ɗauko ludayin ya goge ya ajiye mata a gefe. "Ke kika haife ni. Sake, Inna."

Ta sake, kuma ta yi daidai.

Haka suka ci wata uku. Gari ya ɗauka, don a Kukar Badaru ko tari ka yi sai an ji a bakin rijiya. Wasu suka ce Kulu ta tsufa da wayo, wasu suka ce ba za ta kai ba, ai gudun karatu a jininsu yake. Ita kuwa wani abu take lura da shi da ba ta gaya wa kowa ba. Yaron da ake cewa ba shi da juriya, ko sau ɗaya bai makara ba, ko sau ɗaya bai ce ya gaji ba. In ta kasa, sai ya raba mata ayar gida-gida har ta haɗiye. Wani lokaci takan saci kallonsa ta saman tabarau, sai ta ji fushin nan yana zubewa, ta yi maza ta haɗe fuska kada ya gani.

Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Aka ce an yi yayyafi wajen Mashi. Rannan Kulu na dawowa daga kai mai ta hangi mutum biyu daga ƙungiya suna taka gonarta suna ƙirga taku. Ta wuce kai tsaye wurin Malama ta ce a gwada ta yau.

Aka gwada ta, ta faɗi. Sura ta ƙarshe, doguwar nan, ita ta kayar da ita, ta yi ta tuntuɓe har Malama ta rufe littafi ta ce, "Inna Kulu, da saura. Ki dawo bayan kwana goma."

Ta dawo gida ta cire tabarau ta jefa a kwando. "Shi ke nan, na ajiye. Su ɗauki gonar. Kai ma ai da ka gaji ajiyewa ka yi."

Magana ce mai zafi, ta kuma san da zafinta ta faɗe ta. Yazid ya sunkuya ya ɗauko tabarau ɗin ya miƙa mata da hannu biyu.

"Inna, ni abin da na ajiye ba nawa ba ne, shi ya sa. Wannan kuwa naki ne. Na ji yadda kike karatu in kin ɗauka ba na kusa. Ko an biya kuɗin nan yau, kin san ba za ki iya barinsa ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta karɓa ta maƙala. Kwana goman nan ko gyaɗa ba ta soya ba. A rana ta goma ta zauna gaban Malama Zubaida ta karanta tun hantsi har azahar, Malama tana bi da yatsa tana neman inda za ta kama ta, ba ta samu ba. Da ta kai ƙarshe Malama ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Barakallahu. Je ki ki sa rana."

Kulu ta sa Asabar mai zuwa, ta aika goro da alewa gida-gida, har Sandamu, har Zango. Ba ta manta da kowa ba. Shekara ashirin da biyar tana riƙe da lissafin nan a ka, ta san wadda za ta kawo dubu biyu, ta san wadda za ta kawo ashirin.

Babbar ƙawar bikinta kuwa, wa kuke tsammani? Hajiya Kubura, matar Alhaji Nagoggo. Tun suna amare suka fara da naira hamsin. Hajiya ta aurar da 'ya'ya bakwai, kuma saboda Kulu ba ta da sha'anin da za a rama mata, duk zuwa sai ta ƙara a kan na baya. A auren autar Hajiya awaki biyu Kulu ta sayar ta kai dubu sittin cif. Yanzu dubu ɗari da ashirin ke kan Hajiya. Tana iya cewa a yanke, amma sai dai ta faɗa gaban mata, ita kuwa Hajiya Kubura ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ta gaza a bikin mai ƙuli-ƙuli. Maƙwabta sun ce ranar Juma'a sun ji muryar Alhaji ta katanga yana cewa, "Ni zan ba ki kuɗi ki kai mata ta kawo min? Wannan wane irin ciniki ne!" Suka kuma ji ta Hajiya, wadda ta fi tasa ƙarfi.

Ranar Asabar gidan Kulu ya cika har bakin zaure, maza kuma aka shimfiɗa musu tabarmi a waje ƙarƙashin dalbejiya. Kulu ta fito cikin farin hijabi da tabarau, ta zauna ta buɗe ta fara. Muryarta ta tafi sumul. Matan da suka zo kallon abin dariya suka yi tsit. Da ta rufe aka ɗauki kabbara, wata tsohuwa ta manta inda take ta rangaɗa guɗa.

Sai aka ajiye faranti. Raihana ta zauna tana kiran suna, mata suna zubawa. Dubu biyu, dubu takwas, dubu goma sha shida. Wata ta taso tun daga wani ƙauye bayan Mashi da dubu ɗaya, ta ce ɗari biyar Kulu ta kai mata shekara goma sha bakwai da suka wuce, kullum abin yana ranta. Hajiya Kubura ta bari sai da kowa ya gama, sannan ta taso tana kaɗa mayafi ta ajiye bandir, ta ce da ƙarfi yadda na waje ma za su ji, "Dubu ɗari da ashirin, ƙawata. Ban yanke ba."

Aka ƙirga, aka haɗa da abin da Yazid ya tara a kara. Ya kai, har da rarar dubu shida da ɗari biyar.

Kulu ba ta jira gobe ba. Ta ƙulle kuɗin a ɗankwali ta fito zaure, mata na biye da ita, ta sa aka yi mata magana da Alhaji Nagoggo. Ya taso daga cikin maza, ya tsuguna ya ƙirga gaban shaidu. Da ya zo kan bandir ɗin nan sai ya tsaya, ya juya shi, ya ga robar da shi da kansa ya ɗaure shi da ita jiya. Ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa.

"Kulu, shekara talatin ina dillanci, ba a taɓa biyana da kuɗin aljihuna ba sai yau. Allah ya sa albarka a karatun nan." Ya zaro takardar da ta dangwala wa yatsa ya miƙa mata. "Ga ta. Gona taki ce."

Ba ta karɓa ba. Ta ɗaga kai tana dubawa cikin taron maza. Can ta hango shi a baya, yana zagayawa da buta yana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu. Wani ɗan kara ya buɗe baki zai ce Janar, sai muryar Kulu ta riga shi.

"Yazidu!"

Mata suka dubi juna, wata ta kama baki. Shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba, ya ci gaba da zuba ruwa. Shekara ashirin da uku bai taɓa jin sunan nan da wannan murya ba, bai san da shi ake ba.

"Yazidu," ta sake cewa, hawaye na bin gefen tabarau. "Da kai nake, malamina. Zo ka karɓi takardarka."

Butar ta kusa suɓuce masa. Ya ajiye ta, ya ratso cikin mutane suna matsa masa, ya zo ya durƙusa gabanta ya karɓi takardar da hannu biyu.

Kulu ta ja hanci, ta gyara hijabi, ta haɗe fuska kamar ba ita ba.

"To tashi, ka ishe ni da kallo. Gobe da sassafe ka sauko min da irin gyaɗa daga rumbu, mu ɓare kafin ruwan nan ya sauka."